Bangon Bayan Mujallar Tsere

Danau Kota, Kuala Lumpur
Fabrairu, 2024

Kawu Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da ɗan'uwana Hisham da iyalinsa. Yaya gwiwar? Umma ta ce ta sake kumbura, amma har yanzu ka ƙi barin zagaya filin wasa bayan sallar asuba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Abdulwahidu yana gaisuwa. Jikarka Afnan ta shiga aji biyu, in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Malayanci, kome aka ce mata sai "boleh lah", wato ba matsala.

Na san dokarka: waya ta gaisuwa ce, magana sai a takarda. Ga kuma kunnen da ba ya ɗaukar waya sosai. Shi ya sa na ba Malam Muttaka wannan, ɗalibi ne a makarantarmu ta Jalan Semarak, zai je gida ganin iyali.

Kawu, Hisham ya kira ni. Ya ce mujallar Tsere ba ta fito ba tun bara, ya ce wani kamfanin cacar ƙwallo ya nemi bangon baya don tallarsa na shekara biyu, kai kuma ka kore su. A kan wannan ina bayanka. Amma ka yi mini haƙuri in faɗi sauran, domin abin da nake karatun digiri na uku a kai ke nan, kasuwancin mujallun wasanni. Na bi tarihin mujallun gudu daga Turai har Asiya. Duk hanyarsu ɗaya. Masu takalma da lemo suka ɗauke talla suka kai waya, kuɗin takarda ya hau, masu sayar da jarida suka rufe rumfuna. Ba laifinka ba ne, ba kuma rashin iyawarka ba.

A nan akwai wata baiwar Allah, Puan Rosnah, muna gudu tare ran Lahadi da safe a bakin tafkin Titiwangsa. Ta haura sittin, amma ni da na yi wa Kano gudun mita dubu da ɗari biyar sai da ta sa na riƙe ciki. Tana da mujallar gudu, Langkah Pagi, shekara ashirin tana buga ta. Bara ta bar takarda ta koma intanet. Ta ce mini, "Halima, masu karatuna sun ninka goma, kuma na huta da mai maɗaba'a."

Ka yi haka, Kawu. Ka rufe maɗaba'a, ka bar wa Hisham ya mayar da Tsere waya. Sunan yana nan, wahalar ta tafi.

'Yarka,
Halimatu

Fagge, Kano
Maris, cikin azumi

'Yata Halimatu,

Amin alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi, uwarki ce ke kambama ta. A shafa mini kan Afnan, a ce mata Kawu ya ce in ta zo Kano da wannan bole ɗin ba za ta ci gurasa ba. Ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Na karanta. Wato gwamnati ta ɗauke ki ta kai ki bangon duniya don ki gano cewa takarda ta yi tsada. Da kin tambaye ni da na faɗa miki kyauta. Kuɗin rim ɗaya na takarda a bana sai ya sayi uku a da. Banki sun janye talla, masu lemo sun janye. Yaran da ke sayar mini da ita a danja duk sun koma sayar da cajar waya. Na sani, ba a ɗaki nake kwance ba.

Amma ki ji. Watan jiya an yi tseren makarantu. Wata yarinya 'yar Gezawa, Aminatu, ta cinye mita dubu uku ba takalmi. Kakanta ya hau mota ya zo har ofis yana tambaya yaushe za ta fito a mujalla, zai kafe shafin a zaurensa. In ce masa me? Ya je ya kafe waya a bango? A wayar taku wa zai ga Aminatu a tsakanin 'yan ƙwallon Turai da masu rawa? Shekara talatin da ɗoriya, duk yaron da ya yi gudu a Arewa ya san akwai inda za a rubuta sunansa da Hausa, ubansa ya karanta da kansa.

Mutumin caca kuwa, yaro ne mai kwat da turare, yana ce mini Baba. Ya ce, "Baba, bangon baya kawai, ciki naka ne." Na ce masa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kin tuna Zahraddeen, dogon nan na Gwale da kuka je Kaduna tare? Na ɗauka shi zai kai mu gasar Afirka. Takalmin gudun da na sayo masa ya sayar ya zuba a caca, daga baya ya sayar da keken ɗinkin uwarsa. Yanzu in ya hango ni sai ya sauya hanya. Yaran da ke karanta Tsere sa'anninsa ne na wancan lokacin. Ba zan miƙa su da hannuna ba.

Hisham yana fushi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, yana da mata da 'ya'ya, ga ma'aikata uku suna kallonmu. Masu zirga-zirga dai ba sa ƙarewa. Ga na cacar, ga wani Obinna ɗan Onica da ya maƙale wa injin bugun, kullum yana nan kamar ɗan gida. Duk shayi nake ba su in sallame su.

Ki gaishe da Rosnah ɗin. Amma ni ba zan bi ta ba.

Kawunki,
Munzali

Danau Kota
Mayu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Afnan ta yi zazzaɓi amma ta warke, har ta koma makaranta. Nan ruwa ake kullum da la'asar.

Kawu, gani ya kori ji. Langkah Pagi ta mutu.

Ran Lahadi Puan Rosnah ba ta zo tafki ba, sai ta aiko mini saƙo in zo in taya ta kwashe ofis. Na hau jirgin ƙasan nan da ke bi ta saman tituna zuwa unguwar Chow Kit. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani kedai, wato kanti, na kayan miya, ƙarnin kifin kasuwa har ciki. Na same ta zaune a kan tarin tsofaffin kwafi. Na ce, "Puan, ina masu karatun da suka ninka goma?"

Ta ce, "Suna nan. Karatu suke, ba sa biya. Masu takalma kuma sun gane ba sa bukatata. Su ba yarinya mai mabiya takalmi ɗaya kyauta, ta yi rawa da shi, shi ke nan. Na kasa biyan masu riƙe mini shafin, suka kashe shi. Duk abin da na ɗora ya tafi."

Muna cikin ɗauri sai ga motar masu sayen tsohuwar jarida, da lasifikarta tana kira. Suka hau suka fara ɗora mujallu a sikeli kamar gawayi. Sai wani tsoho Basine ya shigo yana haki, ana ce masa Ankul Lim. Ya ce a dakata. Matarsa ta rasu bara, kuma akwai fitowar da ta ƙare tseren Penang, hotonta na ciki. A waya yake duba hoton, ranar nan ya buɗe ya ga babu. Mu uku muka durƙusa muna kwance ɗaurin da muka gama, mai mota yana ta duba agogo yana cewa "cepat lah", wato mu yi sauri. Ni na samo ta. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a cikin rigarsa saboda ruwa ya sauka.

Na janye abin da na faɗa a wasiƙata ta farko. Lissafina daidai ne, shawarata ce ba daidai ba.

Na tambayi Puan Rosnah abin da za ta yi da za a mayar da ita baya. Ta ce da ba ta jira talla ba tun farko. Da ta bi ƙungiyoyin gudu ta ce kowa ya biya kafin a buga, ta buga daidai waɗanda suka biya, ko da shafi goma sha shida ne marar kala. Kawu, kana da abin da ba ta da shi: babu malamin wasanni daga Kano zuwa Fankshin da bai san ka ba. Ka bi su makaranta makaranta. Ka rage ta, ka mayar da ita sau biyu a shekara, amma kada ka rufe, kada kuma ka saurari mai kwat.

Zan ba wani ɗalibi, Mus'ab, ya ce gobe zai tashi.

'Yarka,
Halimatu

Fagge
Yuni, kwana kaɗan kafin babbar sallah

Halimatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Tun wasiƙarki ta Fabrairu ban sake ganin rubutunki ba, ko kin yi fushi ne? Ba zan tsawaita ba, an ɗiga mini magani a ido, likita ya hana ni karatu.

Abin da ake ciki shi ne, mutumin nan da ya daɗe yana mana zirga-zirga ya dawo da takardunsa. Na yi istihara, na sa hannu. Ban taɓa zaton zan yi ba, kuma daren ban yi barci ba. Amma kuɗin sun shigo, an sayi takarda, Tsere za ta fito. Wani lokaci sai ka ba da abin da kake ji da shi don ka tsira da wanda ya fi shi.

Ki yi mini addu'a.

Munzali

Danau Kota
Yuli, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ba idon lafiya. Mu ƙalau muke.

Na karanta wasiƙarka a tashar bas, ban san sanda bas ɗina ya zo ya wuce ba. Kai ne ka rubuta mini labarin Zahraddeen da keken ɗinkin uwarsa. Kai ne ka ce ba za ka miƙa yara da hannunka ba. Wata uku kacal, Kawu! Yanzu kakan Aminatu zai kafe shafin a zaure, in ya juya bayan mujallar ya ga ana kiran jikokinsa su zo su zuba kuɗi?

Na kira Hisham, ya ce, "Ki tambaye shi da kanki, ni na fita daga wannan maganar," ya kashe. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Na kira Umma na gaya mata, ko ita da take ƙanwarka za ta iya abin da na kasa.

Ban taso in yi maka rashin kunya ba. Kai ka saya mini takalmin gudu na farko, kai ka shawo kan Baba ya bar ni in je Kaduna. Amma kai ka koya mini cewa wanda ya yanke kwana a tsere, ko ya riga kowa isowa bai ci ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In da kuɗin caca Tsere za ta rayu, gara a ɗora ta a sikeli kamar ta Puan Rosnah, ta mutu da mutuncinta. In ta fito kada a aiko mini. A kuma cire sunana daga jerin masu ba da shawara.

Halimatu

Danau Kota
Satumba, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan ido ya washe, gwiwa ta lafa. Ɗalibai biyu sun dawo daga Kano, na je har masaukinsu, babu wanda ka ba komai. Umma in na tambaye ta sai ta ce in ji da karatuna. Abdulwahidu ya ce harshena ya yi kaifi, in ba ka haƙuri. Na ce a kan kaifin zan ba da haƙuri, kuma ga shi na bayar. A kan maganar kuwa ina nan inda nake.

Ka amsa mini ko da zagi ne. Afnan tana tambaya ko Kawu mai gurasa ya manta da ita.

'Yarka, ko kana fushi,
Halimatu

Fagge
Oktoba, 2024

'Yata Halimatu,

Amin alaikumus salam. Ido ya washe, alhamdu lillahi, da shi nake rubutun nan. Hajiya tana gaishe ku. Ban manta da Afnan ba.

Mus'ab ɗinki ya zauna a Abuja wajen neman sa hannun tallafin karatunsa, wasiƙarki ta Mayu tana cikin jakarsa. Ita da ta Yuli rana ɗaya suka iso. Na fara buɗe ta Yuli. Da na san abin da ke ciki da na fara da ɗayar.

Ke da kike shirin zama dakta, masu zirga-zirga nawa na lissafa miki? Obinna na sayar wa injin. Injina, wanda na sayo da kuɗin sallamata daga Reluwe tun ba a haife ki ba. Sai da aka fasa bangon shago kafin ya fita, domin a kansa aka yi ginin. Ina tsaye aka ɗaga shi da sarƙa aka ɗora a tirela. Malam Iliya da ya yi shekara ashirin yana juya shi ya bi motar da ƙafa har titi. Da kuɗin na sallami ma'aikata, kowa da haƙƙinsa, na sayi takarda da sauran. Yanzu a maɗaba'ar wani yaro da na koya wa aiki nake bin layi kamar kowa. Hisham ya so a riƙe injin a karɓi cacar. Da na yi akasin haka ya tattara ya tafi Abuja aiki. Yana gaishe da uwarsa a waya, ni ba ya nemana. Wannan ma na ɗauka.

Amma abin da kika gaya wa uwarki bai tsaya a ɗakinta ba. Ta gaya wa Hajiya a gidan suna, a gaban mata. Sati bai zagayo ba liman ya riƙe hannuna bayan Magariba ya ce, "Alhaji, da girmanka?" Mutumin da nake sahu ɗaya da shi shekara da shekaru ya matsa gefe. Ban yi wa kowa bayani ba. Na ce mujalla za ta fito, mai ido ya duba. Shi ya sa ban amsa miki ba, na ji tsoron abin da alƙalamina zai rubuta.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Sai dai da na huce na sake karantawa, na ce to, da na karɓi kuɗin nasu fa, wa zai faɗa mini haka a duk zuriyar nan? Ban cire sunanki ba.

Shawararki ta Mayu kuwa na bi ta. Na shiga adaidaita da gwiwar nan na zagaye makarantun Kano, na hau mota zuwa Zariya da Jos. Wasu shugabannin makarantu suka bar ni a benci har aka tashi. Wasu malaman wasanni kuma daga aljihunsu suka biya. Abin da aka biya shi na buga, ban ƙara ko ɗaya ba sai naki da na kakan Aminatu.

Ga ta nan a cikin ambulan. Ta rame, babu kala, takardar ma ta jarida ce. Ki juya bayanta.

Kawunki,
Munzali

Danau Kota
Nuwamba, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da ido ya warke. Muna lafiya, sai kunya da ta ishe ni.

Na juya. Farin shafi fes, sai layi ɗaya a tsakiya: "Wannan bangon ba na sayarwa ba ne." Na zauna a matakalar bene na yi kuka, har maƙwabciyata ta fito tana tambaya wa ya rasu.

Na yi maka mummunan zato, na kuma kai shi inda bai kamata ba. Ka yafe mini. Ban tsaya a baki ba: na kira Umma na ce duk matar da ta ji waccan maganar a gidan suna sai ta ji wannan, kuma ta yi alkawari. Abdulwahidu ya kira liman da kansa. Na ɗauki hoton bangon na tura wa Hisham. Bai amsa ba, amma na ga ya buɗe. Ka bar mini shi, ba zan gaji da kiransa ba.

Ran Lahadi na kai wa Puan Rosnah. Bayan gudu muka zauna a shagon mamak, wato mai shayin nan ƙasar, muna shan shayi. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ta buɗe ta shinshina, ta bi kowane shafi da yatsa. Na fassara mata layin bangon. Ta buga tebur har shayi ya zube, ta ce, "Wannan tsohon ɗan taurin kai ne, ina son sa!" Sai kuma ta ɓata fuska ta ce, "Amma wa ya tsara masa shafukan nan? Sunaye sun hau kan juna. Kuma wa ya yanke wa yarinyar nan ƙafafu a hoto? Mai gudu ce, ƙafar ake son gani."

Ta ce tun da aka rufe ofis hannunta ke ƙaiƙayi. Tana so ta tsara maka fitowa ta gaba daga nan, kyauta, ni in zauna kusa da ita in duba Hausar, mu tura wa yaron maɗaba'ar ya buga. Na ce sai na tambaye ka. Ta ce ba tambaya ta aike ni ba.

Farfesan da ke duba aikina kuma mun yi ta. Na ce zan sake babin ƙarshe in sa Tsere a ciki. Ya ce mujalla ɗaya mai shafi goma sha shida ba ta rushe abin da alƙaluma suka nuna, kuma mai yiwuwa ba za ta kai baɗi ba. Na ce na sani, Farfesa, mai ita ma ya sani, ya kuma buga. Ya ce zai jinkirta mini kare kundin da zango guda. Na ce ya jinkirta.

Matan 'yan Najeriya da ke benenmu su tara sun ce a sa su cikin masu biya kafin bugu, duk da rabinsu ko bas ba sa iya bi da gudu. Ankul Lim ma ya ce a kawo masa.

Saboda haka ka fara tattara rubutu, ina son ya iso nan kafin azumi. Ka ba wanda ba zai tsaya a Abuja ba. A sake ɗaukar Aminatu hoto, tun daga kai har tafin ƙafa.

'Yarka,
Halimatu